Tsohon gidan fatake a cikin birnin Katsina: yadda muka tallabo namu, da yadda za ku tallabi naku

Duk wanda ya tashi a cikin birni, irin su Albaba, Gafai, Masanawa, Gambarawa ko Tsohuwar Kasuwa, ya san irin gidan da nake nufi. Ƙaton zaure mai zankwaye a ka, ƙyauren katako mai ƙusoshin maƙera, dakali a ƙofar gida, ka shiga tsakiyar bazara lokacin da rana ke dukan ƙwalƙwalwa amma ciki sanyi kamar gindin randa. Namu irin wannan ne, kakan babanmu ya gina shi, bafatake ne mai zuwa Gwanja, can cikin ƙasar Gana ta yanzu, sayo goro, kuma saura ƙiris mu rasa shi, don sai da ɗakuna biyu suka zube a damina ɗaya sannan hankalinmu ya dawo jikinmu. Abin da muka koya tun daga lokacin shi zan rubuta, saboda kusan duk wata sai na bi ta wani lungu na tarar an baje wani gidan an kafa bulo, kuma da yawa ba son ran masu shi bane, rasa ta inda za su fara suka yi.

Kafin ka ɗauki ko cebur ɗaya ka fara sanin mi ka gada. Katsina ta daɗe tana cin kasuwar hamada, ayarin raƙuma na shigowa daga Agadas, wasu kayan tun daga Gadamus da Tarabulus suke tasowa, gishiri da kanwa da takarda da duwatsun ado suna shigowa, fatu da baƙin rini da hatsi suna fita. Bayan jihadi, da yaƙe-yaƙen da aka yi ta yi tsakanin Katsina da Maraɗi, manyan attajirai da yawa suka koma Kano, har baturen nan Barth da ya zo a 1851 ya tarar da fili mai yawa cikin ganuwa babu kowa. Amma fatauci bai mutu ba, masu jakuna sun cigaba da bin hanyar Gwanja, su tafi da kanwa da tufafi su dawo da huhunan goro, tafiyar da ke cin watanni masu yawa, wani ma ya tafi matarsa na da ciki ya dawo ya tarar da yaro na rarrafe. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 shi ya karya bayan wannan harka, goro ya koma biyowa ta teku zuwa Ikko, wato Legas, a ɗoro shi a jirgi. Toh gidajen da suka rage mana daga wancan zamani su ne shaidar da ido ke iya gani, kuma tsarin ginin kansa labari yake badawa in ka iya karanta shi. Zaure babba don nan ake ciniki da dillalai, ɗakunan da ke tsakanin zaure da shigifa na baƙin fatake ne in mai gidan fatoma ne, wato mai saukar da fatake, filin da yanzu yara ke ƙwallo turken jakuna ne, sannan ɗaki mai duhu mara taga ko mai 'yar ƙaramar kafa can sama, wanda kowa ke cewa mi ya sa aka yi shi haka, ɗakin ajiyar kaya ne, goro ba ya son zafi ba ya son iska mai busarwa. Mu da muna yara ɗakin aljanu muke ce masa.

Aiki na farko da wayarka za ka yi shi. Ka je wurin tsofaffin gidan yau ɗin nan, kar ka ce sai Sallah. Kuma ka fi ba tsofaffin mata ƙarfi, don su suka zauna cikin gidan dare da rana, su suka san ɗakin wa ye wannan, wa aka haifa a wancan, yaushe aka toshe ƙofar nan. Ni gwaggon babanmu na samu, na ce Gwaggo dan Allah ki zagaya da ni gidan nan ki faɗa min yadda kika taso kika same shi, ta kama hannuna muna tafiya a hankali ina ɗaukar muryarta, a nan na san ashe akwai rijiya ta biyu da aka cike a bayan madafi, abin da daga baya ya bayyana mana dalilin da ya sa bangon wurin ke ta nitsewa. Shekara ba ta zagayo ba Allah Ya yi mata rasuwa, Allah Ya jiƙanta da rahama. Kar ka tambayi tsoho shekara da lamba, ba haka suke lissafi ba, ka ce zamanin wane sarki ne, zamanin Dikko ne ko Nagogo? Sarki Muhammadu Dikko ya rasu 1944 Usman Nagogo ya hau, shi kuma ya rasu 1981, kaga da wannan kaɗai ka samu ma'auni. Ko ka ce kafin a buɗe kwalejin Katsina ne ko bayan nan, ita kuma a 1922 aka yi bikin buɗe ta. Kuma ka ji daga baki biyu ko uku, inda suka saɓa ka rubuta duka, kar ka zaɓi wanda ya fi yi wa zuri'arku daɗi.

Sai takardu. Kusan duk irin gidan nan akwai wata adaka ko gafaka da ba a buɗewa, ciki za ka samu wasiƙu da larabci ko ajami, lissafin bashi, takardar sayen gona, rasiɗin haraji na zamanin En'e. Wallahi an yi asarar irin waɗannan da yawa, wasu an ƙona su ranar sharar gida da sunan tsoffin layu ne. In ka samu kar ka kai a yi musu laminetin, zafin injin da robar nan kashe takardar suke kuma ba a iya cire ta, kar ka liƙa salatef inda ta yage, kar ka ɗaure su cikin leda don gumi zai kama su. Ka wanke hannu ka bar shi ya bushe, ka buɗe su a inuwa, ka ɗauki hoton kowace gaba da baya, ka mayar da su yadda ka same su a jere, ka naɗe cikin farin ƙyalle mai tsabta ka ɗora sama nesa da ƙasa da bango. Ka ɗaga ɗaya saitin haske ka duba, in kaga hoton jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar, toh irin takardar nan ce da ake yi a Italiya tana ƙetaro hamada, ita kanta kayan fatauci ce. Karatun kuwa ka nemi malamin zaure wanda idonsa ya saba da tsohon rubutu, ko ka leƙa sashen tarihi na jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da hotunan, asalin takardun dai su zauna a gida.

Yanzu maganar da ta fi kowacce nauyi, gado. Ruwa na cin gida, amma yawancin gidajen da na ga sun faɗi sai da rashin jituwar magada ya fara cin su. Gida ya bi ta hannu uku ba a raba ba, masu haƙƙi sun fi a ƙirga da yatsu, wani na Kaduna wani na Legas wata na aure a Jibiya, kowa na cewa don mi zan zuba kuɗina a abin da ba nawa ni kaɗai ba, mai zama a ciki kuma yawanci shi ne mara ƙarfin cikinsu. Ku zauna. Ku kira malamin da ya san rabon gado, a fitar da haƙƙin kowa a fili, mata da marayu a gaba, don ba a raya tarihi da cin haƙƙin maraya, kuma wanda ke cikin matsi yana son kasonsa ba maƙiyin gidan bane, buƙata ce ta kama shi. Hanyar da ta yi mana aiki ita ce aka yi wa gidan kuɗi, masu hali suka sayi kason masu son fita, sauran kuma muka yarda zaure da shigifa da soron kaka ba za a raba su ba kuma ba za a sayar ba, aka rubuta, mai unguwa da dattawa suka sa hannu, kowane ɗaki na zuri'a ya riƙe kwafi. Wasu gidajen wakafi suke yi da wannan ɓangaren, shi ma hanya ce mai kyau in kowa ya yarda da ransa, amma a yi shi gaban alƙali. Bayan nan muka buɗe guruf na WhatsApp, kowa na tura abin da ya sawwaƙa duk wata, wata yayarmu ce ma'aji, ko buhun ƙaiƙayi aka saya sai ta tura hoto da lissafi, kuma wannan bayyana lissafin shi ya riƙe mu har yau.

Toh sai neman magini, kuma a nan mutane ke yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Mai aikin bulo komai ƙwarewarsa ba shi ne mutumin ba. Maginin ƙasa kake nema, wanda ya gaji abin, ya san tubali da azara da ɗaurin guga, wato rufin ɗaki mai baka. Sun yi ƙaranci amma ba su ƙare ba, ka tambayi mai unguwa ko dattawan magina na gari, ko ka fita ƙauyukan kewaye inda har yanzu ake ginin ƙasa. In ka same shi ka girmama shi, ka biya shi da daraja, kuma ka roƙe shi ya zo da yaransa matasa. Namu dattijo ne, Baba Gwani muke ce masa, ranar farko bai ce komai ba sai zagaye yake yana ƙwanƙwasa bango da sandarsa yana saurare, da ya gama ya ce min, ɗana, ƙasa ba ta tsufa, sakaci ka kashe ta. Ka bi shi da littafi da waya, ɗaki ɗaki, ka zana taswirar gidan ko da hannu ne, ka auna, ka ɗauki hoton kowane bango da kowane rufi tun ba a taɓa komai ba. Inda kuka ga tsaga ku ja layi da fensir a ƙarshenta ku rubuta ranar, bayan wata biyu ku dawo, in ta wuce layin toh bangon tafiya yake kuma akwai dalili a ƙasa, in tana nan inda take tsohuwar tsaga ce cikewa kawai take so. Duk ɗakin da rufinsa ya yi ciki ko azara ta fara lanƙwasa a fitar da mutane a tokare shi da itace mai ƙarfi tun ranar, kar a sake a kwana ciki da damina, rai ya fi gini.

Daga sama ake farawa. Rufin soro azara ce a jere, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a shafe da abin da ke hana ruwa shiga, kuma gaba ɗaya rayuwarsa ta dogara ga ruwa ya sauka ya fita da sauri ta indararo. Indararo ɗaya ya toshe da ganyen darbejiya ko leda ko sheƙar tsuntsu, ruwan dare ɗaya na Agusta ya kwanta a kan soron, shikenan an gama. Don haka tun kafin ruwan farko a hau a share, a cire ciyawa da saiwarta, a cike duk wata kafa, a gyara gangaren yadda ruwa zai nufi indararo, kuma bayan duk wani babban ruwa wani ya hau ya duba. Indararon ya zama dogo yadda zai watsa ruwan nesa da bango, inda ruwan ke faɗowa a ajiye fale-falen dutse don kar ya haƙa rami ya fantsamo gindin gini. Wani abin da Baba Gwani ya nuna min, shekara da shekaru duk wanda ya ga yoyo sai ya ƙara ƙasa a kai, har rufin ya yi kauri fiye da abin da azara za ta iya ɗauka, sai da muka kankare muka sauke wajen rabi sannan aka sake shafe.

Abin shafen kuwa kakanninmu sun gama mana nazari. Akwai makuba, daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a jiƙa a cuɗa da ƙasa a shafe, ita ke ba tsoffin gidaje wannan launin ja mai duhu. Akwai laso, wanda ya fi ta ƙarfi, ana haɗa katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin karofin rini, da gashin da majema ke kankarewa daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Laso ya fi daɗewa amma yanzu katsi wuya yake tunda marina sun ragu, in ka samu kaɗan ka ajiye shi don kan soro da bakin indararo da kan zankwaye, sauran jiki a yi da makuba. Kuma bangon gabas shi za ka fi ba kulawa, don hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, shi ke shan duka, duk wanda ya lura zai ga ta nan tsoffin gidaje ke fara zaizayewa.

Ana yawan tambayata batun kwano. Ni dai ra'ayina, in babu halin gyaran soron bana, gara a ɗora kwano a tsare ginin da a zuba ido ya rushe, da babu gara ba daɗi. Amma a ɗora shi sama da rufin ƙasar ba tare da an cire azara ba, kar a sare zankwaye, a bar iska na wucewa tsakani, kuma a tabbatar ruwan kwanon na zuba can waje, don na ga inda kwanon ya tattara ruwan rufi gaba ɗaya yana juye shi cikin kan bango, shekara biyu bangon ya narke.

Siminti kuma, dan girman Allah ku ji wannan. Mu da kanmu muka yi wannan kuskuren shekarun baya, da kyakkyawar niyya, aka yi wa bangon waje filasta aka shafa fenti, kowa na sam barka gida ya zama na zamani, ashe ɗakunan nan biyu da na ce sun zube tun ranar muka fara kashe su. Bangon ƙasa yana shan danshi daga ƙasa da damina kuma yana fitar da shi ta jikinsa in rana ta fito, haka yake tun ran da aka gina shi. In ka rufe shi da siminti danshin ya rasa hanyar fita, sai ya taru a ciki, tubalin ya koma taɓo a ɓoye kai kuma kana ganin waje sumul. Sannan siminti da ƙasa ba sa kama juna, zafi da sanyi na sa filastar ta saki ta tsage, ruwan sama ya bi tsagar ya shiga baya, dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gara ma ta samu hanya mai duhu da laima da babu mai ganinta. Ka ƙwanƙwasa filastar, in kaji tana ƙara kamar ganga toh ta riga ta rabu da bangon. Cire ta ake, amma da rani, kaɗan kaɗan, a bar bangon ya sha iska ya bushe sannan a yaɓe da ƙasa. Haka tayil a ƙasan ɗaki da fentin mai a bangon ciki, duk hanya ɗaya suke toshewa. Daɓen gargajiya da ake yi da tsakuwa a buga da madaɓi a zuba ruwan bagaruwa ko makuba yana nan da kyansa, ciki kuma farar ƙasa ta wadatar.

Gindin bango shi ne wuri na biyu da gida ke mutuwa, kuma matsalar yanzu ta fi ta da. An yi ta cike lunguna ana zuba kwalta da intalok har titi ya fi tsakar gida tudu, ruwan unguwa gaba ɗaya ya dawo yana kwanciya a jikin gini, ga kududdufan da a da ke shanye ruwan duk an cike an yi gidaje. Ƙara da famfo da tankin ruwa da bayi na zamani da aka shigo da su cikin gidan da ba a gina shi da lissafinsu ba. Ka bi duk bututun da ke gidan ka tabbatar babu mai ɗiga, wurin wanka da wanke-wanke da alwala a janye su daga jikin tsohon bango, sokawe kuma a haƙa shi can nesa, kwata ta fita da gangare mai kyau. In gindin ya riga ya zaizaye ya yi kogo kar a kwashe shi a tashi ɗaya, a tokare, a gyara kamar kamu biyu, a bar shi ya bushe, a tsallake a yi wani wurin, sannan a dawo tsakiya. A ɗaga ƙasar jikin bangon ta gangaro waje. Dakalin da kake gani a ƙofar gida ba don hira kawai aka yi shi ba, yana tsare gindin zaure daga ruwa da gogar dabbobi, in ya lalace a mayar da shi.

Ƙasar gyara kuwa mafi kyawunta ita ce ta gidan kanta. Bangon da ya faɗi kar ka bari masu tifa su kwashe, a farfasa a jiƙa a sake cuɗawa, da ita aka yi ginin farko don haka za su kama juna. In ba ta isa ba a nemo birji mai kama da ita. A zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, wasu na ƙara kashin doki ko na jaki, a tattake da ƙafa sosai, a rufe a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake tattakewa, kar ka yarda da lebura mai gaggawa da zai kwaɓa yanzu ya yaɓa yanzu. Tubali a bar shi ya bushe ƙarau, a jera shi tsininsa na kallon sama, a yi sahu kaɗan a dakata ya sha iska kafin a ɗora wani. Wajen yaɓe a kankare abin da ya saki, a yayyafa wa tsohon bangon ruwa, a yi shi siriri sau biyu ko uku maimakon mai kauri sau ɗaya. Lokacin aikin daga bayan kaka ne zuwa kafin bazara ta ƙare, in iskar hunturu ta yi tsanani yaɓe na saurin bushewa ya tsattsage, sai a riƙa yi da safe ana bi ana shafe tsagar.

Azara daga giginya ake fasa ta, kuma ta namijin giginya da ya manyanta ita magina suka fi so, gara ba ta cika iya mata ba, shi ya sa za ka ga ta haura shekara ɗari tana nan. Inda take lalacewa shi ne kan da ke cikin bango in laima ta daɗe a wurin, don haka can za a tona a duba. Ba ta ɗaukar faɗi mai yawa, wajen ƙafa shida ne in ita kaɗai ce, abin da ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga kenan, a riƙa ɗaura gajerun azara ana turo su daga bango kaɗan kaɗan har su haɗe a sama, a lulluɓe da ƙasa, ɗaki ya yi faɗi babu ginshiƙi a tsakiya. In zaurenku na da irin wannan toh kuna da dukiya, kar kowa ya taɓa shi sai gwani, kuma kar mai wayarin ya fasa jikin baka don ya binne waya, a bi da ita ta sama cikin bututun roba a inda ba ta tsone ido. Giginya ta yi wuya yanzu kuma ba bishiyar da ake sara bana a samu madadinta baɗi bace, dabarar da muka yi ita ce duk inda muka ji za a rushe tsohon gida sai mu je mu sayi azararsu kafin a faskare ta a hura wuta, har ƙyaure da tsoffin ƙusoshi mun tsinto ta haka. Gara kuwa a bi hanyarta har gidanta a tone, a kwashe tarin itace da tsummokara daga jikin bango, maganin feshi a bar wa wanda ya san aikinsa saboda yara da rijiya.

Zanen da ke fuskar zaure, dagi ne ko wani ado, a ɗauki hotonsa da kyau a auna kafin yaɓe, abin da ya rage a tsare shi yadda yake, inda ya goge gaba ɗaya kuma babu hoto babu mai tunawa gara a bar wurin sumul da a ƙirƙiro abin da mai gidan bai taɓa gani ba. In kana son ganin aikin da aka yi da ƙasa ya daɗe ka je tsohuwar kwalejin Katsina wadda yanzu gidan tarihi ce, ka je hasumiyar Gobarau, ka tsaya ka kalli kaurin bangon da yadda yake sirancewa yana hawa. Ma'aikatan gidan tarihin na ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ne, ka gaishe su ka nuna musu hotunan naku ka nemi shawara, haka hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Sai dai kar ku zauna jiran wani ya kawo kuɗi, damina ba ta jira.

Kuma a zauna cikin gidan. Ɗakin da aka kulle shi ke fara faɗuwa, don babu mai ganin ɗigon farko, babu mai jin ƙasa na zubowa da dare, babu mai buɗe ƙofa iska ta shiga. Mu wani ƙanen babanmu da iyalinsa ke ciki, an ɗauke masa komai, nasa kawai sa ido da hawa soro. Zauren kuma mun mayar da shi bakin aiki, da safe da yamma yara na karatun allo, ɗaurin auren duk wani ɗan zuri'a nan ake yi ko da a GRA ubansa yake, ranar Sallah bayan an sauko daga kallon hawa nan ake haɗuwa a ci tuwo. Masu cewa a fasa bangon gaba a fitar da shaguna don gidan ya riƙa kawo kuɗi, na fahimce su, amma bangon zaure shi ke ɗauke da bakan, ka huda shi ka raunana rufin gaba ɗaya, in dole sai an yi shago a duba wani gefen da ginin baya-bayan nan ne.

Ɗakin goron nan mai duhu shi muka share muka jera abin da muka tsinta a gidan, tsohon ma'auni, wata tukunya cike da wuri da aka tono lokacin gyaran daɓe, ragowar mangalar jaki, da hotunan takardun, kowanne an rubuta a ƙasansa wa ya faɗi labarinsa. Abin da ya rage mana yanzu shi ne ɗakin saman bene, azara tara Baba Gwani ya ce yana buƙata, mun samu biyar daga wani gida da aka rushe wajen Ƙofar Guga suna jingine a shigifa, in an kawar da amfanin gona bana za a fara jiƙa ƙasa in Allah Ya kai mu, jikansa da ke koyon aikin a hannunsa shi zai hau sama wannan karon, shi kuma dattijon ya zauna ƙasa yana nuna masa da sanda.